Daga Rufaffen Baki Zuwa Lomar Tuwo: Yadda Muke Gyaran Fuskar da Ciwon Noma Ya Ci

Duk wanda aka kawo sashenmu don gyaran fuska bayan ciwon noma, kafin a ɗauki hotonsa ko a ɗebi jininsa, ƙaramar rular ƙarfe muke fara sa masa a baki. Mu ce ya buɗe iyakar ƙarfinsa, mu auna tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Lafiyayyen babban mutum yana buɗe milimita 40 zuwa 50, wato yatsunsa uku su shige a tsaye. Da ta gaza 35 an fara maganar ɗaurewar muƙamuƙi. Masu zuwa mana kuwa akwai mai 10, akwai mai 5, akwai wanda ko bakin rular ba ya shiga: haƙora a cije shekara da shekaru, abinci sai an dama shi ruwa-ruwa an tura da yatsa ta giɓi ko ta ramin da ciwon ya bari a kunci. Wannan lambar muke rubutawa a saman fayil, kuma da ita za a yi wa aikinmu hukunci bayan shekara guda.

Sunan ciwon ba shi da haɗi da noman gona. Daga Girkanci ya fito, daga kalmar da ke nufin cinyewa, a ƙauyukanmu kuma za ka ji ana ce masa ciwon iska. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ya fi kamawa, musamman wanda tamowa ta riga ta rage masa ƙarfi sannan ƙyanda ko maleriya ta bi ta kansa. Daga gyambon dasashi yake farawa, da warin baki, sai kunci ya kumbura, sai wani baƙin tabo ya fito a fata, cikin mako ɗaya zuwa biyu nama ya mutu ya zube, wani lokaci har da ƙashi da haƙora. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara wajen 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma tara cikin goma suna mutuwa idan ba a yi magani ba. A Disamba 2023 hukumar ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominsa tun 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara.

Ba a gyaran fuska ciwo yana ci. A wannan matakin aikin shi ne a tsayar da shi: amoksisilin mai haɗe da kilabulanik, da metronidazol wanda aka fi sani da Flagyl, da wankin baki da kuloheksidin, da abinci, da cire mataccen nama. Bayan ciwon ya lafa sai a jira, aƙalla wata shida, galibi shekara guda, tabon ya gama jan abin da zai ja. Iyaye suna jin haushin wannan jiran, mu ma mun san da ciwo, amma wanda ya ɗinka sabuwar fata a kan naman da bai gama tsukewa ba zai ga aikinsa ya karkace cikin 'yan watanni. Babban gyara irin na hanci sau da yawa ana ɗaga shi har yaro ya ƙara girma, domin fatar da aka dasa ba ta girma daidai da sauran fuska.

Makonnin farko na kwanciya kusan duk na ciyarwa ne. Yaron da bai kai shekara biyar ba muna auna dantsensa da zaren awo mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, 11.5 zuwa 12.5 rawaya. Manya kuma nauyi da tsawo. Ana ba su haɗin gyaɗa na asibiti, Plumpy'Nut, ƙunshi ɗaya giram 92 mai kalori 500, da ƙwai, da madara, da kunun gyaɗa mai kauri ga wanda ba ya iya tauna. A ba da maganin tsutsar ciki, a duba maleriya, a duba sikila da cuta mai karya garkuwar jiki. Ƙarfin jini mun fi son ya kai giram 10 kafin a shiga babbar tiyata. Dalilin lissafi ne kawai: yaro mai kilo 20 jinin jikinsa duka bai wuce lita ɗaya da rabi ba, in ya zubar da mililita 300 a kan tebur kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Shi ya sa ba a fara yanka sai an tanadi ledar jinin da ta dace da shi. Likitan haƙori kuma ya kankare dattin da ya daskare, ya cire ruɓaɓɓu da waɗanda suka karkace suna sukar kunci. A ganina rabin sakamakon tiyata a waɗannan makonnin ake samunsa, domin ɗinki a jikin mai yunwa warwarewa yake yi komai ƙwarewar hannun da ya yi shi.

Sai auna ɓarna. Tsarin da aka fi amfani da shi ana ce masa NOITULP, haruffan farko ne na sunayen sassan da Turanci: hanci, bayan kunci, cikin kunci, ɗaurewar muƙamuƙi, leɓen sama, leɓen ƙasa, sai sauran abubuwa na daban kamar fatar ido da ta janye ko ganɗa da ta huje. Kowane ɗaya daga cikin shida na farko a ba shi maki daga 0 zuwa 4 gwargwadon girman ɓarnar. Amfaninsa shi ne likitan da zai zo bayan wata shida ya san daga inda aka tashi. Idan baki ba ya motsi ko kaɗan ana son hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi dalla-dalla, don a ga ko ƙashi ne ya tsiro ya haɗa muƙamuƙin ƙasa da na sama ko da ƙashin kumatu, ko kuwa tabo ne kawai ya yi tauri kamar igiya.

Zaman da ake yi da iyaye kafin sa hannu ba na minti biyar ba ne. Uwa takan ce, "Sista, zai koma kamar yadda Allah Ya halicce shi?" Amsar da muke bayarwa ita ce, "Inna, ramin zai rufe in Allah Ya yarda, yawu zai daina zuba, zai ci abinci a cikin mutane. Amma tabo zai kasance, launin sabuwar fatar zai bambanta, kuma mai yiwuwa sai an shiga sau biyu ko uku." Muna nuna musu hotunan waɗanda aka yi wa, masu kyau da masu dama-dama, da izinin masu su. Wanda aka yi wa alkawarin sabuwar fuska ya ga faci, ba ya dawowa zagaye na biyu.

Ranar aiki, abinci ya tsaya awa shida kafin lokaci, farin ruwa awa biyu. Wuri mafi haɗari a duk tafiyar shi ne minti goma sha biyar na farko, a hannun likitan sa barci. A tiyata ta yau da kullum ana buɗe baki a zura bututun numfashi a maƙogwaro ana gani. A nan baki a kulle yake. Don haka ana bi ta hanci da siririyar na'ura mai fitila da kyamara a kai, tana lanƙwasa, mara lafiya yana numfashi da kansa, har a hango ƙofar maƙogwaro a zura bututun a kanta. In hanci ma ya lalace, ko babu na'urar, sai a huda maƙogwaro ta wuya. Ba a ba da maganin da ke sassauta tsoka sai an tabbata iska tana shiga huhu, domin in numfashi ya tsaya a rufaffen baki ba ta inda za a bi a cece shi da sauri.

Daga nan sai sakin muƙamuƙi. A yanke duk tabon da ke cikin kunci har a iso lafiyayyen nama mai jini. In akwai gadar ƙashi a sare ta da faɗi, a bar tazara sosai, don in an bar bakuna biyu kusa da juna sake haɗewa suke yi. Sau da yawa ana cire wani ƙahon ƙashi na muƙamuƙin ƙasa wanda tsokar gefen kai ke maƙale da shi, wani lokaci har na ɗaya gefen mai lafiya, saboda tsokar da ta shekara goma ba ta miƙe ba ta gajarce. Ana sa ƙarfen buɗe baki a hankali har rula ta nuna 35 zuwa 40 a kan tebur. Abin da ke ba sabon ma'aikaci tsoro a nan shi ne ramin da aka gani kamar kwabo kafin a fara, da an saki tabo sai ya zama kamar tafin hannu. Wannan shi ne ainihin girman abin da ciwon ya ci. Tabo ne ya tattaro gefuna ya ɓoye shi. Shi ya sa ba a yanko fatar rufi sai an gama saki an auna ramin gaskiya.

Kunci bango ne mai fuska biyu, ta waje da ta cikin baki, kuma dole a gina duka biyun. Wanda ya rufe waje ya bar ciki ɗanye, naman zai warke ta hanyar tsukewa, ya sake kulle bakin da aka sha wahalar buɗewa. Yawancin aikin da ya lalace da muke karɓa daga wasu wurare a nan aka yi kuskuren.

Kayan gini iri biyu ne. Akwai dashe, wato siririyar fata da aka yanko ta rabu da jiki gaba ɗaya, aka shimfiɗa a wani wuri ta kama. Akwai kuma wadda a ɗakin tiyata ake ce wa filaf, mu kuma in muna yi wa iyaye bayani mukan ce fata mai cibiya: fata da kitsenta, wani lokaci da tsoka, wadda aka ɗago amma aka bar jijiyar jininta tana shayar da ita. Ramin da ya huda kunci gaba da baya dashe ba ya rufe shi, don babu abin da zai kwanta a kai. Sai mai cibiya.

Ƙa'idar ita ce a nemo mafi kama da abin da ya ɓace, daga mafi kusa. Leɓe da leɓe ake gyara shi. In abin da ya tafi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, a gyara gefuna a ɗinke kai tsaye, hawa uku: ciki, tsoka, fata. Tsokar nan da ta kewaye baki ita ce mai riƙe yawu, in ba a haɗa bakunanta daidai ba leɓe zai yi kyau a hoto amma dalala ba za ta tsaya ba. In ya fi haka, a aro yanki daga ɗaya leɓen a juyo shi a kan jijiyarsa. Na kusurwar baki, wanda ake kira da sunan likita Estlander, shiga ɗaya ne, sai dai yana bar kusurwar a dunƙule, baki ya ƙanƙance, daga baya a dawo a faɗaɗa. Na tsakiya, mai sunan likita Abbe, leɓɓa biyu suna zama a haɗe mako biyu zuwa uku kafin a raba. Hanci daga goshi ake gina shi, dabarar da aka san ta a Indiya tun ɗaruruwan shekaru: a yanko fatar goshi a tsaye, cibiyarta a gindin gira, a juyo ta ƙasa, a sa mata guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari don kada ta lotsa, bayan mako uku a yanke cibiyar.

Babban ramin kunci yana da hanyoyi da yawa, kowace da amfaninta da illarta. Fatar ƙarƙashin haɓa launinta ya dace da fuska, tabonta yana ɓuya, amma a namiji in aka juya ta cikin baki gemu zai tsiro masa a ciki. Fatar ƙirji zuwa kafaɗa, wadda likita Bakamjian ya bayyana a 1965, ita ce abin dogaron wuraren da ba su da kayan zamani. Jininta daga jijiyoyin da ke fitowa tsakanin haƙarƙari kusa da tsakiyar ƙirji yake zuwa. Sau da yawa ana fara ɗaga bakinta a shimfiɗa mata dashe ta ciki, a mayar a bar ta mako biyu, sannan a ɗago a kai fuska tana da fuska biyu. Mara lafiya zai yi mako uku da igiyar fata daga ƙirji zuwa kunci, kai a karkace, kafin a yanke. Tana bar tabo mai faɗi a ƙirji, abin da ya kamata a faɗa wa yarinya da uwarta tun kafin a fara, ba bayan an kwance bandeji ba.

Inda akwai madubin tiyata mai ƙara girman abu da ƙwararru, ana yanko fata daga damtsen hannu ko cinya ko bayan kafaɗa tare da jijiyoyinta, a raba ta da jiki ɗungurungum, a kai fuska a ɗinka jijiyoyin da na wuya. Faɗin jijiyar milimita 1 zuwa 3 ne, zaren ɗinkin ya fi gashin kai siranta. Aikin yana cin awa shida zuwa goma. A manyan cibiyoyi wajen 95 cikin 100 suna rayuwa, amma wannan lambar ta wurin da ake iya komawa ɗakin tiyata da ƙarfe biyun dare ce. Wurin da ba shi da wuta tsayayya da ma'aikatan dare, gara ya yi ta ƙirji mai shiga uku da ya yi wannan ya rasa ta duka.

Daren farko da na biyu namu ne, ma'aikatan jinya. Ana duba sabuwar fatar duk awa, daga baya duk awa biyu, sannan huɗu, domin yawancin toshewar jijiya cikin kwana biyu zuwa uku na farko take faruwa. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa a duba launi, ta yi fari ko ta yi shuɗi. A baƙar fata, da fitilar hannu, wannan ba ya taimako sosai. Abin da muke dogara da shi taɓawa ne da allura. A sa bayan yatsa a ji ɗuminta a gwada da kuncin da ke gefe. A danna a ji ko ta yi laushi kamar leɓe, ko ta yi tauri ta cika kamar ƙwallo, ko ta saki ta yamutse. Sai a soka siririyar allura a tsakiyarta. Jan jini mai haske da ya fito a hankali bayan daƙiƙa biyu ko uku, lafiya lau. Baƙin jini da ya ɓulɓulo nan take, jijiyar da ke fitar da jini ce ta toshe, kuma wannan ya fi yawa. In ba abin da ya fito, fatar ta yi sanyi, jini ne ba ya shiga. Inda akwai 'yar na'urar sauraron bugun jijiya ana sa alamar zare a wurin da ake ji, don kowa ya saurara a wuri ɗaya. Duk wanda ya ga canji ba ya jiran zagayen safe. Awoyi kaɗan ne tsakanin fatar da za a ceto da wadda za a zubar.

Abubuwan da ke kashe ta sau da yawa ƙanana ne. Igiyar da ta ɗaure bututun wuya ta matse cibiya. Yaro ya juya cikin barci ya kwanta a kan gefen aikin. Jini ya taru a ƙarƙashi ya danne jijiya, saboda robar da ke tsotse shi ta toshe ba a lura ba. Uwa ta ji tausayi ta ɗaura masa ɗankwali a haɓa don kada mutane su gani. Sanyin asuba lokacin hunturu ma yana tsuke jijiya, shi ya sa ake lulluɓe su. Muna ɗaga kan gado kamar digiri 30, mu tare kai da matasai ta gefen da aka ce, mu rubuta a takarda mu manna a bango: kada a ɗaura komai a wuya. Babba mai shan taba ko mai sa ta a leɓe, an riga an gaya masa ya bari makonni kafin aiki, don tana tsuke ƙananan jijiyoyi, kuma bakin filaf mafi nisa daga cibiya shi ke fara baƙi.

Wurin da aka ɗebo filaf, in ba ya ɗinkuwa, dashe ake rufe shi da shi, galibi daga cinya, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Kwana biyun farko ruwan naman da ke ƙarƙashinsa yake sha, daga nan ƙananan jijiyoyi su fara haɗuwa, zuwa kwana biyar ya kama. Saboda haka ba a buɗe shi kafin kwana biyar sai in wari ko zazzaɓi ya tilasta. Abu uku ke hana shi kamawa: jini ya taru ya ɗaga shi, ko ya goga ya motsa, ko ƙwayar cuta ta shiga, in ka ga bandeji ya yi kore-kore da wani wari mai zaƙi-zaƙi, ka san ƙwayar cuta ce ta shiga. Cinyar kuma tana warkewa da kanta cikin kwana 10 zuwa 14, kuma ita marasa lafiya suka fi kuka da ita, ba fuskar ba.

Abinci ta robar hanci yake bi kamar mako guda zuwa kwana goma, don kada kunu ya shiga tsakanin ɗinki. Ana wanke baki da sirinji bayan kowane 'yan awoyi. Zaren fuska ana cire shi a kwana biyar zuwa bakwai, in ya daɗe yana bar sawu kamar tsani. Matsalar da muka fi gani a wannan makon ita ce ɗinki ya buɗe a kusurwa, inda gefuna uku suka haɗu, yawu ya samu hanya ya riƙa tsattsafowa ta kunci. Ƙaramar ɓula takan toshe da kanta da wanki da haƙuri. Babba sai an koma. In bakin filaf ya mutu santimita ɗaya ko biyu, ana jira iyakar ta fito sarai, a yanke mataccen, a ga ko saura zai isa.

Sai kuma aikin da ya fi kowanne wuya, wanda ba likita ke yin sa ba. Tabo yana ja da ƙarfi daga mako na uku har wata uku zuwa shida, bai kuma gama nuna ba sai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Duk tsawon wannan lokaci bakin yana ƙoƙarin komawa inda ya fito. Da zarar likita ya ce ɗinki zai jure, ake fara motsa muƙamuƙi. Kayan aikin mafi sauƙi su ne 'yan faffaɗan itatuwan nan da ake danne harshe da su, kowane kaurinsa bai kai milimita 2 ba. A jera su a tsakanin turamen haƙora, ba na gaba ba don kada su girgiɗe, har su cika, sannan a zura ƙarin ɗaya a tsakiyar jerin a hankali. A riƙe rabin minti zuwa minti, a huta, a maimaita, sau biyar ko fiye a yini. Ashirin a jere sun kai wajen milimita 30 zuwa 35. Ana ba da maganin ciwo rabin awa kafin a fara, don da zafi, yara suna kuka, iyaye mata suna kau da kai. Muna ɗaure jerin da roba mu rubuta adadin a jiki, mu ce, "Baba, yau goma sha takwas ne. In kun koma gida kuka ga sha takwas ta ƙi shiga kwana uku a jere, kada ku jira ranar da aka rubuta muku, ku taho." Wasu cibiyoyi suna da na'urar roba mai maɓalli, wasu suna ɗaura ƙarfe daga waje ya riƙe bakin a buɗe na makonni, amma a ƙauye itacen nan shi ke tafiya da mutum.

Dalilin da ya sa muke matsa wa wannan lamba a rubuce yake. Wani bincike da aka buga a 2010 ya bi mutum 36 har ƙauyukansu a arewacin Najeriya, waɗanda aka sakar wa muƙamuƙi bayan ciwon noma, kimanin wata 43 bayan sallama. Matsakaicin buɗewar bakinsu milimita 10.3 ne kacal. Masu binciken da kansu suka ce sakamakon ya yi muni ƙwarai. Waɗanda suka fi samun buɗewa su ne waɗanda suka ci gaba da motsa baki a gida, da waɗanda suka fi shekaru, da waɗanda kuncinsu ya kasance da laushi ciki da waje. Darasi biyu aka ɗauka daga irin wannan: a shimfiɗa wa cikin kunci fata mai kauri mai jininta maimakon siririn dashe da ke tsukewa, kuma ƙaramin yaron da ba zai jure atisaye ba, in yana iya cin abin da zai riƙe shi, wani lokaci jinkirta sakin ya fi alheri. Rufe rami kuwa sakamakonsa ya fi wannan daɗin faɗa nesa ba kusa ba. Yawancin filaf suna rayuwa, kuma wadda ta rayu ta zauna ke nan.

Tabon waje shi ma yana da nasa hali a fatarmu. Wani yana kumbura ya yi ja ya yi ƙaiƙayi a iyakar yankan, ya lafa da kansa cikin shekara. Wani kuma yana tsiro ya wuce iyaka, musamman a ƙirji da kafaɗa da kunne da gefen muƙamuƙi, kuma in aka yanke shi kawai dawowa yake yi ya fi da. Ana shafa mai ana murza tabon da yatsa kullum bayan ya warke, a manna ledar silikon in akwai, mai tsiro kuma a yi masa allurar tiramsinolon a cikinsa duk mako huɗu zuwa shida. Filaf takan yi tudu kamar matashi a watannin farko. Ba a gaggawar rage ta, sai bayan wata uku zuwa shida, in kumburi ya sauka jini ya kama ta ko'ina.

Ranar dawowa awo, ko a wata uku ko shida ko shekara, ga abin da muke yi. Rula tukuna, a rubuta kusa da lambar ranar farko da ta kan tebur da ta ranar sallama. Sai a miƙa masa kofin ruwa ya sha muna kallon kusurwar baki da gaban riga. Ya hura kumatu ya riƙe iska. Ya ce "Baba", ya ce "Mama", don waɗannan ba sa fita sai leɓɓa sun haɗu. A danna kuncin da yatsa biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, a ji laushi ko tauri. A duba ido yana rufuwa in yana barci, a hau sikeli. Sannan tambayoyin da ba su da rula: me ya ci jiya da dare, tuwo ko kunu, shi kaɗai ko a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, yana zuwa makaranta ko kasuwa, har yanzu tana rufe fuska da mayafi in baƙi sun shigo? Wanda aka sallama da 35 ya dawo da 28 yana tauna nama, mun gode Allah, a ƙara masa itatuwa ya tafi. Wanda ya dawo da 12, kunci ya yi tauri, sai a sake kwantar da shi a gwada atisaye mai tsanani na makonni. In bai motsa ba a sake hoto a ga ko ƙashin ya sake haɗewa, a sa sunansa cikin jerin zagaye na gaba. Waɗanda ba su dawo ba kuma, saboda damina ko kuɗin mota ko hanya ba lafiya, ana ware fayilolinsu gefe guda a ba masu fita ƙauyuka, da rula a aljihu da ɗaurin itatuwa a jaka.